Halarto da Hankali a Lokacin Rashi: Abin da Yake Yi wa Mai Baƙin Ciki da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Duk wanda aka yi wa rashi ya san cewa maganar da za ta fi yawan shiga kunnensa ita ce "a yi haƙuri". Magana ce ta gaskiya, masu faɗar ta kuma da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai dai ba ta zuwa da bayanin yadda mutum zai yi da kansa idan jama'a sun watse, dare ya tsala, barci ya ƙaurace wa idanu, zuciya kuma ta shiga saƙa da warwara a kan abin da ya riga ya auku. A wannan gurbin ne masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka daɗe suna gwada dabarar halarto da hankali, wato mutum ya koyi dawo da hankalinsa, da gangan, kan abin da yake ji a jikinsa da zuciyarsa a daidai lokacin da yake ciki, ba tare da ya yanke wa kansa hukunci ba. An kambama dabarar a 'yan shekarun nan har wasu suka ɗauke ta maganin kowace damuwa, wasu kuma suka yi watsi da ita suna cewa yayi ne. A ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce. Dabarar ba ta kawar da baƙin cikin rashi, amma tana rage wahalar da mutum yake ɗora wa kansa a kan wadda mutuwa ta riga ta ɗora masa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin a gane inda take shiga, dole a fara duba abin da rashi yake yi wa jiki, domin baƙin ciki ba ya tsayawa a zuci kaɗai. A shekarar 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera abubuwa 43 da kan girgiza rayuwar ɗan'adam, suka ba kowanne maki gwargwadon nauyinsa. Mutuwar miji ko mata ce ta zo a sama da maki 100, mutuwar aure ta biyo baya da maki 73. Jiki yana karɓar irin wannan labari kamar yadda yake karɓar barazana. Sinadaran da ke shirya shi tunkarar haɗari, irin su adiranalin da kotizol, suna ƙaruwa, zuciya tana ƙara saurin bugawa, jini yana hawa, barci yana yankewa. Binciken da Elizabeth Mostofsky da abokan aikinta suka wallafa a 2012, a kan mutane kusan 2,000 da suka gamu da bugun zuciya, ya nuna cewa haɗarin wannan ciwo yakan ninka har sau 21 a cikin awa 24 na farko bayan mutuwar makusanci, ya sauko zuwa kimanin ninki shida a makon farko. Yawancin masu rashi ba za su gamu da shi ba, amma alkaluman sun isa su nuna cewa nauyin da mutum yake cewa yana ji a ƙirji ba ƙage ba ne. Don haka ciwon ƙirji mai tsanani ko sarƙewar numfashi a kwanakin rashi lamari ne na asibiti, kuma babu wani atisayen numfashi da ya kamata ya jinkirta zuwa can.

Ƙwaƙwalwa kuwa nata aikin ya fi cin lokaci. Mary-Frances O'Connor ta Jami'ar Arizona, wadda ta shafe shekaru tana nazarin ƙwaƙwalwar masu rashi, tana kallon jimami a matsayin wani nau'i na koyo. Shekara da shekaru ƙwaƙwalwa ta saba cewa wane yana nan, idan ya fita zai dawo, idan an kira shi zai amsa. Labarin mutuwa yana shiga kunne cikin daƙiƙa ɗaya, amma sabo ba ya gogewa da sauri haka. Shi ya sa matar da mijinta ya rasu za ta ji wani labari mai daɗi, ta ɗauki waya, ta lalubo sunansa, sai yatsanta ya kusa taɓa lambar sannan ta tuna. Shi ya sa ɗa zai ji motsin ƙofa da yamma ya ɗaga kai yana jiran muryar mahaifinsa. Tun a 1971 wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tambayi mutane kusan 300 da suka rasa abokan zamansu, ya tarar kusan rabinsu sun taɓa jin kamar mamacin yana kusa, wasu ma sun ji muryarsa ko sun gan shi, kuma mafi yawansu sun ce abin ya sanyaya musu rai. Ya kamata mai rashi ya san wannan, domin da yawa suna ɓoye irin wannan hali don gudun kada a ce sun taɓu.

Akwai kuma wata fahimta da ta yaɗu mai ƙara wa mutane nauyi, cewa jimami yana da matakai biyar da ake bi ɗaya bayan ɗaya, daga musu zuwa miƙa wuya. Elisabeth Kübler-Ross ce ta fito da su a 1969, amma ta samo su ne daga hira da marasa lafiyar da ke fuskantar tasu mutuwar, kuma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa waɗanda aka mutu aka bari suna bin wannan jeri ba. Bayanin da ya fi kusa da abin da mutane ke gani a kansu shi ne wanda Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka gabatar a 1999. Sun ce mai rashi yana kai-komo ne tsakanin hali biyu: wani lokaci yana fuskantar rashin, yana kuka, yana tuna baya, yana kewa, wani lokaci kuma yana juyawa ga rayuwar da ta rage, ya koma aiki, ya kula da yara, ya koyi ɗaukar nauyin da mamacin yake ɗauka a da. Lafiyar tana cikin wannan kai-komon. Matsala tana farawa ne idan mutum ya maƙale, kuma hanyoyin maƙalewar da aka fi gani biyu ne.

Ta farko ita ce saƙe-saƙe. Tunawa da mamaci abu ne mai kyau, ba shi ake nufi ba. Ana nufin zagayen da zuciya take yi a kan tambayoyin da ba su da amsa. Da na kai ta asibiti tun ranar da ta fara cewa kanta yana ciwo. Da ban bar shi ya yi tafiyar nan ba. Me ya sa ban ɗauki wayarsa ba a daren? Mai irin wannan tunani yana jin kamar wani aiki yake yi, kamar idan ya ƙara zagayawa sau ɗaya zai kai ga mafita, alhali kowane zagaye a wuri ɗaya yake ƙarewa, wato mutumin ya tafi. Susan Nolen-Hoeksema da abokan aikinta sun bibiyi mutane fiye da 250 da suka rasa makusanta bayan jinya, suka wallafa sakamakon a 1994: waɗanda suka fi nitsewa cikin saƙe-saƙe wata ɗaya bayan rashin su ne suka fi fama da alamomin ciwon damuwa bayan wata shida. Hanya ta biyu ita ce gudu. Mutum ya kulle ɗakin mamaci, ya hana a ambaci sunansa, ya cika yininsa da aiki ko kallon waya har sai gajiya ta kayar da shi, wani ma ya koma ga ƙwaya ko barasa. Danne tunani kuwa yana da wata ɗabi'a da Daniel Wegner ya nuna a gwajinsa na 1987, lokacin da ya umarci mutane kada su yi tunanin wata farar dabba na minti biyar: ba su iya ba, kuma da aka sake su sai tunanin ya yi ta dawo musu fiye da waɗanda ba a hana ba tun farko. Domin hankali ya tabbatar ba ya tunanin abu, sai ya riƙa leƙa abin.

Rashi miki ne, kuma miki yana da zafinsa da babu mai ɗauke wa mutum. Saƙe-saƙe fami ne, sosa mikin dare da rana. Gudu kuma ɗaure shi ne tamau, ba a bari a duba balle a wanke. Halarto da hankali a kan waɗannan biyun yake aiki.

Dabarar, a siffar da asibitoci suka san ta yau, ta samo asali ne daga Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar ƙwayoyin halitta, wanda ya buɗe sashen rage damuwa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a 1979. Da yawa cikin marasa lafiyar da aka fara tura masa masu fama da ciwo mai naci ne, waɗanda likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu abin bai gushe ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga batunmu, domin tun farko an gina shirin ne don mutanen da ke ɗauke da abin da ba zai tafi ba. Shiri ne na mako takwas, ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, kowa kuma yana atisayen minti 45 a gida kullum. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Kabat-Zinn ya ɗauko atisayen daga hanyoyin zuzzurfan tunani na mabiya addinin Buddha, amma ya raba su da aƙida da ibada, ya bar horon hankali zalla. Mai addininsa ba a neman ya karɓi wani imani ko ya furta wata kalma. Hasali ma duk mai ibada ya san bambancin addu'ar da aka yi zuciya tana nan da wadda baki ya yi hankali yana wani wuri, ya kuma san cewa dawo da zuciya abu ne da ake koya da maimaici.

Ga yadda abin yake a aikace. A ɗauki mutumin da mahaifiyarsa ta rasu makonni kaɗan da suka wuce, ya farka tsakar dare, kafin ya gama buɗe ido tunanin ranar ƙarshe a asibiti ya riga ya kama shi. Ɗaya cikin biyu ya saba yi: ko ya bi tunanin har gari ya waye, ko ya jawo waya don ya kore shi. Dabarar tana koya masa na uku. Zai fara da fargawa, ya ce a ransa, ga tunanin nan ya zo. Sannan ya sauko da hankalinsa daga labarin zuwa jiki, ya tambayi kansa a ina yake jin abin. Wataƙila wani ƙulli ne a maƙogwaro, ko nauyi a tsakiyar ƙirji, ko zafi a bayan idanu, ko haƙora da ya datse bai sani ba. Zai tsaya a kan wannan wurin yana lura da faɗinsa da zafinsa, ko yana motsi, ko yana ƙaruwa idan ya ja numfashi. Idan hawaye suka zo ya bar su su zuba. Ba za a yi nisa ba hankalin zai sulale ya koma asibiti, ya koma kan fuskar likita da maganar da ba a samu an faɗa ba. Da zarar ya farga sai ya dawo da shi ga ƙirjin, ko ga iskar da ke shiga hancinsa tana fita, ba tare da ya zargi kansa ba. Zai sake sulalewa, ya sake dawo da shi. Wannan dawowar ita ce atisayen gaba ɗayansa, kuma wanda hankalinsa ya gudu sau ashirin ya dawo da shi sau ashirin ya yi aikin ne sau ashirin.

Abin da mutum yakan gano idan ya jure wannan zama na 'yan mintoci shi ne cewa abin da ke ƙirjin bai zauna daram ba. Yana tasowa, ya kai ƙololuwa, ya sauka, ya sake tasowa da wata siffa. Mai rashi yakan ji tsoron cewa idan ya bari kukan ya fara ba zai tsaya ba, idan ya ba baƙin cikin hanya zai fi ƙarfinsa. Babu maganar da za ta cire masa wannan tsoro kamar ya gani da kansa, ba sau ɗaya ba, cewa ya shiga ya kuma fito. Labarin da ke kai shi kuwa ba ya sauka da kansa, domin kowane "da na" yana haifar da wani; wannan ne dalilin karkata hankali zuwa jiki.

Akwai bayani na kimiyya a bayan wasu daga cikin waɗannan matakai. Numfashi aiki ne da jiki yake yi da kansa amma mutum yana iya sarrafa shi, kuma duk lokacin da aka fitar da iska bugun zuciya yakan ɗan lafa, saboda wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da ciki, wadda ke cikin jijiyoyin da ke kwantar da jiki. Idan aka ja numfashi a hankali aka tsawaita fitarsa, har ya zama kimanin sau shida a minti ɗaya, jiki yakan fara saki. Kiran abin da ake ji da sunansa ma yana da tasiri. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun nuna, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa idan mutum ya kalli fuska mai fushi ko tsoro ya ambaci sunan yanayin, sashen ƙwaƙwalwar da ke tayar da tsoro yakan rage motsi. Saboda haka akwai bambanci tsakanin mutum ya ce "na shiga uku" da ya ce "wannan kewa ce", ko "wannan tsoron gobe ne", ko "wannan fushi ne". Na farkon yana cusa komai wuri ɗaya. Sauran suna rarrabe kayan har mutum ya san wanne yake ɗauke da shi a wannan daren.

Wurin da nake ganin dabarar ta fi amfani shi ne a kan da-na-sani da zargin kai, domin su ne suka fi cin mai rashi a ɓoye. Wanda ya yi jinyar mahaifinsa shekaru zai manta da dukan dararen da ya kwana a zaune, ya riƙe rana ɗaya da ya ɗaga masa murya don gajiya. Tunanin "ni na jawo" yakan zo da ƙarfin da zai sa ya yi kama da hukuncin da aka riga aka zartar. Horon hankali yana koya wa mutum ya ja da baya kaɗan, ya ce "ina tunanin cewa ni na jawo", kuma wannan ɗan ƙarin ya isa ya mayar da hukuncin ya zama tunani, abin da ya zo kuma zai iya wucewa, abin da za a iya dubawa a tambaya ko gaskiya ne. Sau da yawa idan aka duba sai a ga ana auna shawarar jiya ne da sanin yau. A ranar da aka ce ciwon kai ne kawai, babu wanda ya san abin da zai biyo baya. Wani lokaci kuma akwai kuskure na gaske, kuma dabarar ba ta ce a musanta shi ba. Tana neman a kalle shi da irin idon da mutum zai kalli ɗan'uwansa da shi in da shi ne ya yi. Babu mai imanin da zai tsaya a kan ɗan'uwansa mai kuka yana maimaita masa laifinsa dare da rana, amma mutane da yawa suna yi wa kansu haka suna ganin adalci ne.

Tana kuma taimakawa ta ɗaya gefen, gefen komawa rayuwa. Mai rashi zai yi dariya a karon farko, sai kunya ta rufe shi kamar ya ci amanar wanda ya tafi. Wanda ya saba lura da zuciyarsa zai ga dariyar, ya ga kunyar da ta biyo ta, ya bar kowace ta wuce. Kuma ba lallai sai an zauna an rufe ido ba. Wanke hannu ana jin sanyin ruwa a tsakanin yatsu, tafiya ana jin tafin ƙafa yana taɓa ƙasa, sauraron yaro har ya gama maganarsa, duk hutu ne na gaske ga ƙwaƙwalwar da ta gaji. Sun bambanta da gudu domin mai yin su ya san baƙin cikin yana nan, ya dai ajiye shi ne na ɗan lokaci da saninsa, zai kuma koma gare shi. Babu inda ake neman a manta da mamaci ko a yanke alaƙa da shi.

To, me bincike ya tabbatar? A nan ya kamata a yi taka-tsantsan, domin tallan manhajojin waya da na masu horarwa ya yi wa hujja nisa. A 2014 Madhav Goyal da tawagarsa a Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutane fiye da 3,500, suka samu hujja matsakaiciya cewa shirye-shiryen halarto da hankali suna rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin jiki, amma ba su ga shaidar cewa sun fi magani ko motsa jiki ko sauran hanyoyin jinya ba. Wannan sakamako ne mai amfani, sai dai fargaba da ciwon damuwa daban, jimamin rashi daban.

A kan jimamin da ya ƙi sassautawa lamarin ya sha bamban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar dogon jimami a bugu na 11 na kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ma ta shigar da ita nata kundin a watan Maris na shekarar. Ana maganarta ne idan tsananin bege da shagaltuwa da mamaci suka ci gaba har suna hana mutum gudanar da rayuwarsa, bayan aƙalla wata shida a ma'aunin hukumar, ko wata 12 ga manya a ma'aunin Amurka, kuma fiye da abin da al'ummar mutumin da addininsa suka saba gani. Kiyasi ya nuna kimanin ɗaya cikin goma na manyan da aka yi wa rashi yana faɗawa wannan hali, adadin kuma yakan ƙaru idan mutuwar ta zo ta hanyar kisa ko haɗari ko bala'i. Katherine Shear ta tsara jinya ta musamman mai zama 16 domin irin waɗannan mutane, kuma a gwajinta na 2005 kashi 51 cikin ɗari sun samu sauƙi, a kan kashi 28 na waɗanda aka yi wa jinyar tattaunawa da aka saba yi wa masu ciwon damuwa. A 2024 Richard Bryant da abokan aikinsa a birnin Sidni na Ostareliya suka kwatanta horon halarto da hankali da jinyar gyaran tunani da aka keɓe wa jimami, a kan mutane 100 masu wannan cuta. Duka rukunonin biyu sun samu sauƙi, amma bayan wata shida waɗanda aka yi wa jinyar da aka keɓe wa jimami sun fi samun raguwar alamomin. A fahimtata dalilin a fili yake: irin wannan jinya tana sa mutum ya koma kan labarin mutuwar, ya faɗe shi, ya maimaita, ya tunkari abin da yake gudu tare da ƙwararren da ke riƙe da shi, kuma zama ana lura da numfashi ba ya maye gurbin wannan.

Akwai ma waɗanda dabarar za ta iya cutarwa idan aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru tana tattara bayanan mutanen da zuzzurfan tunani ya jefa cikin firgici, ko rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu. Wanda ya ga mutuwar da idonsa, a haɗarin mota ko wani hari ko ɗakin jinya, rufe ido da yin shiru na iya dawo masa da hoton kamar yanzu abin yake faruwa. Ya fi dacewa irin wannan mutum ya bar idonsa a buɗe, ya kafa hankalinsa a kan abin da ke wajen jikinsa, kamar launin bango ko sautin da ke shigowa ta taga ko taurin kujerar da yake zaune a kai, ya taƙaita zaman zuwa minti biyu ko uku, ya kuma tsaya da zarar ya ji abin yana neman fin ƙarfinsa. Minti 45 na shirin asali an tsara shi ne ga masu malami da abokan karatu, ba ga wanda aka yi wa rashi shekaranjiya yana zaune shi kaɗai ba. Akwai kuma wata cutarwa da ba a cika lura da ita ba, wato mutum ya mayar da atisayen kansa hanyar gudu, ya riƙa komawa ga numfashi duk lokacin da hawaye suka taso domin ya hana su fitowa. Zai ga kamar ya samu natsuwa, alhali ya sake ɗaure mikin ne kawai.

Alamomin da ke nuna lokacin ganin likita ko masanin halayyar ɗan'adam ya yi a bayyane suke: tunanin kashe kai ko fatan bin mamaci, kasa ci ko barci na tsawon makonni, dogaro da ƙwaya ko barasa kafin a runtsa, kasa kula da kai ko yara, ko watanni su shuɗe ciwon yana nan kamar ranar farko. Tunanin kashe kai ba ya jiran wata shida. Ranar da ya zo, ranar ake faɗa wa wani a nemi taimako. Su kuma 'yan'uwa da abokai, kada su miƙa wa mai rashi wannan dabara don ya daina kuka su su huta. Idan suna son su amfane shi da ita, su fara da kansu: su zauna kusa da shi, su ajiye waya, su lura da ƙaiƙayin da bakinsu yake yi na son kawo maganar da za ta gyara komai, su bar ƙaiƙayin ya wuce, su saurari labarin ranar ƙarshe ko da sun riga sun ji shi sau da dama. Yana maimaita labarin ne domin ƙwaƙwalwarsa tana kan koyon abin da ya faru, kuma wannan koyo yakan ɗauki watanni.